Ba Fenti Ba Ne

"Yaushe ka fara ganin jinin a fitsarinka?" likitar ta sake tambaya, tana juyo masa fuskar kwamfuta.

Mai fenti ya ƙura wa hoton ido. Wani tsiro ne manne a bangon mafitsararsa. Ya goge tafin hannunsa a wando.

"Ya daɗe, likita. Amma ba ya ciwo. Sai ya zo kwana biyu ya ɗauke, in manta da shi."

"Rashin ciwon ne yake yaudarar mutane," in ji ta. "Kansa ce, wato ciwon daji, kuma ta riga ta ci cikin naman. Da tun farko ka zo, kankare ta kawai za mu yi. Yanzu sai mun cire mafitsarar, mu sa maka jaka a gefen ciki."

Ta tambayi sana'arsa. Da ya ce fentin mota yake yi tun yana saurayi, kuma yana shan taba, sai ta gyaɗa kai, ta ce duka biyun suna iya jawo ta.

"Likita, yarana huɗu," ya ce. "Ƙaramin ko haƙoransa bai gama fitarwa ba. Zan kai?"

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma akwai abin yi, in mun hanzarta."

A cikin bas wayarsa ta yi ta ruri. Maman yara ce. Ya bar ta ta katse, ta sake kira, ya kife wayar a cinya. Da wane baki zai faɗa mata? Bas ta wuce kwanar gidansu yana kallo, bai ce a tsaya ba. Gareji ya nufa.

Ya tarar da Auta, ƙanensa kuma abokin aikinsa, ya ɗaure hanci da tsohon hankici yana yi wa wata mota feshin farin fenti. Injin iska na ta gurnani.

"Ga majinyacinmu!" Auta ya ɗaga murya. "Me suka ce, Yaya? Tsufa ne ko? Ni dai na ce tsargiya ce, ta wankan rafi da muka sha yi muna yara. Asibiti neman magana ne kawai."

Mai fenti ya ciro makullin bayan gida daga jikin ƙusa, ya zagaya baya. Su biyu kaɗai suke shiga wurin, shi ya sa suke kulle shi.

Ya tura ƙofa, ya kai hannu mazugin wando, sai ya tsaya cak. Ruwan da ya kwanta a ƙasan masai ja ne, har da ɗan gudan jini a gefe. Shi kuwa rabonsa da garejin tun makon jiya.

Ya fito da sassarfa, ya kashe injin. Wurin ya yi tsit.

"Haba Yaya! Rabin mota fa na yi. In ya bushe haka layi zai fito."

"Mene ne wancan a bayan gida?"

Auta ya kau da kai. "Buroshi na wanke."

"Wane buroshi? Ina jan fenti a garejin nan? Nuna mini gwangwanin!"

Auta ya zare hankicin daga hancinsa, ya dunƙule shi a hannu. "Bai fi sau biyu ba, wallahi. Kuma ba ya ciwo. Na je kemis an ba ni irin ƙwayar da kake sha."

Mai fenti ya dafa motar, farin fenti ya manne masa a tafi.

"Sa takalminka. Asibiti za mu."

"Yanzu? Mai motar nan da yamma zai zo, ka san bakinsa. Bari sai wani mako."

"Ni ma wani mako na yi ta cewa!" Ya daka tsawar da ta sa makanikan maƙwabta ɗago kai. Sai ya sassauta murya. "Kansa ce, Auta. Mafitsarar za su cire mini. Likita ta ce da tun ina kamar kai na zo, da ba a kai ga haka ba."

Mai fenti ya matso kusa da shi.

"Tun daga asibiti nake lissafi a cikin bas. Na ce in ta Allah ta kasance, ga Auta, zai riƙe mini yara. Kai kaɗai nake da shi. Ga matarka da tsohon ciki. In mu biyun muka kwanta, wa zai tsaya? Don girman Allah, ɗan'uwana, kar ka yi mini haka."

Auta ya dubi motar, rabi fara, rabi toka-toka. Ya ajiye bindigar feshin a ƙasa, ya shiga laluben takalminsa a ƙarƙashin benci.

Suna tsaye a bakin titi wayar ta sake ruri. Wannan karon mai fenti ya ɗauka.

"Baban yara, ina ka shiga? Me likita ta ce?"

"Asibitin za mu koma, ni da Auta."

"Auta kuma? To kai fa?"

Ya ɗaga wa bas hannu, ɗaya hannun riƙe da rigar ƙanensa kamar zai gudu.

"Nawa labarin zai jira in dawo gida. Ki tura yara wajen maƙwabta, zan faɗa miki a zaune."