Kwat ɗaya da rabi

Shekara talatin na yi ina juye baƙin mai a garejin Alshajara, amma ban taɓa shan kunyar awo ba sai a kicin ɗin matata, Hajja Hadizatu.

'Yarmu Mayada tana aure a Amurka. Laulayin ciki ya sa ta gaba, kwana huɗu duk abin da ta ci sai ya dawo. Kunun gyadar uwarta kawai take so. Hajja ta ce mata ruwa jug ɗaya. Mayada ta ce kofin awonta da kwat aka rubuta shi, jug ɗin gidanmu na Alsawra kwat nawa ne?

Nan na gyara zama. Kwat ai tsohon abokina ne, da shi ake rubuta man injin Amurka, mililita ɗari tara da arba'in da shida. Na samo robar ruwa mai mililita ɗari biyar, na cika jug ɗin har baki. Ya ci huɗu saura kaɗan.

"Kwat biyu, ya binti," na ce wa Mayada, ina hura hanci.

Kunu ya fito tsararo. Mayada ta kira tana kuka, ko kurɓa biyu ba ta yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rantse lissafina daidai ne.

Hajja ba ta yi musu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Alhaji, zo ka gani."

Ta riƙe jug ɗin yadda ta saba, babban yatsanta a ciki, ta buɗe famfo. Ruwa na taɓa yatsan ta rufe.

"Ya Hajja, ai bai cika ba."

"Khalas, nan ne cikarsa. Wa ke cika jug har baki, sai bakanike?"

Na sake aunawa. Roba uku saura kaɗan, dubu ɗaya da ɗari huɗu. Kwat ɗaya da rabi.

Washegari da la'asar Mayada ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. "Baba, na sha kofi biyu. Ya zauna."

Na miƙa wa Hajja wayar. Ta kasa karɓa, tana ta share ido da gefen tobin da ta yafa.

"Ce mata gobe ta ƙara tsamiya," ta ce. "Kuma kar ka auna mata."