Huji Huɗu a Sabuwar Kujera

"Ba haka ake riƙe shi ba," in ji Bohumil. "Ba dutsen guga ba ne."

Jarmila ta sauya riƙon injin hudar, ta sa masa hannu biyu. Ya fi yadda ta zata nauyi. Shekara arba'in da ɗaya da aurensu, sai yau ta taɓa shi, domin garejin nan ba wurinta ba ne. Iyakarta bakin ƙofa, ta ce abinci ya sauka, ta juya.

"Miƙar da shi. Ina kike kallo?"

"Katakon."

"Bakin injin za ki kalla."

Ta danna. Injin ya yi ƙara, ya shige katakon gwajin, ya ɓullo ta ƙasa a karkace. Bohumil yana zaune a kan kujerar kicin da ta ɗauko masa, hannunsa na dama a kwance bisa cinya kamar ajiyar wani. Ya miƙa na hagun ya karɓi katakon, ya ɗaga shi saitin taga, ya leƙa ta hujin.

"Na bakwai ke nan," ya ce. "Sake."

A watan Fabrairu ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo rabi da rabi, hannun bai dawo ba. Magana kuwa ta dawo sarai, kuma da faɗa ta fara dawowa.

Kekensa yana tsakiyar garejin, an cire masa tsohuwar kujerarsa ta raga. Keken kishingiɗe ne mai ƙafa uku, biyu a gaba ɗaya a baya, fedarsa can gaba, mutum ya tuƙa shi a kwance kamar mai kallon talabijin. 'Yan layin suna ce masa gadon Bohush, sunan da suke kiran Bohumil ke nan. Shekara tara yana fita da shi kowace safiya, ya bi gaɓar kogin Morava ya yi kilomita talatin, ya dawo ya faɗa wa Jarmila laifin duk wanda ya gamu da shi a hanya.

A watan Yuni ya gwada hawa a tsakar gida. Ragar ba ta riƙe shi ba, ya zame dama a hankali har gwiwar hannunsa ta kwanta a kan taya. Matar da ke masa gashin ƙashi a asibiti ta ce zai iya tuƙi, amma sai da kujera mai tauri, mai fukafukai a gefe da za su tare shi. 'Yarsu Zdenka ta yi odar irinta daga wani kamfani dabam, ba don tana so ba. Kujerar ta zo baƙa, mai santsi, kamar ɓarin ƙaramin kwalekwale, babu huji ko ɗaya a jikinta. Takardar da ke ciki ta ce kowa ya huda daidai da ƙarafan kekensa, kuma wadda aka huda ba a mayarwa.

Zdenka ta ce a kai wa mai gyaran keken bakin tasha. Bohumil ya ce wannan mahauci ne. Ta ce mijinta ya zo ya yi. Mijin nata shi ne ya mayar da birkin duka hannun hagu, ya kuma murje kan noti ɗaya, tun ranar ba a sake barinsa ya shiga garejin ba. Sai Zdenka ta ce to shi ke nan, akwai wani mutum a garin Brno da ke son sayen keken, ran Lahadi za ta zo da shi, a huta.

Yau Asabar.

A huji na goma sha ɗaya Bohumil ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ajiye katakon a ƙasa.

"Ba laifi. Kawo kujerar."

Ta kife masa ita a kan tebur. Shekara talatin da takwas ya yi yana fiƙe ƙarfe a masana'anta, kuma har yanzu ma'auninsa na cikin jakarsa ta fata. Ta riƙe masa rula, shi ya ja layi a tsakiyar bayan kujerar da hannun hagu, harshensa a waje. Ya auna ƙarafan keken sau uku. Ya yi alama huɗu da farin fensir, biyu sama biyu ƙasa, kowace ta yi nisa ɗaya da layin tsakiya. Aikin ya ci kusan awa guda. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kafin a huda," Jarmila ta ce, "ka zauna a ciki tukuna."

"Don me?"

"Ban taɓa yanka yadi ban ga mai rigar ba."

"Wannan ba siket ba ne, Jarka."

"Zauna dai."

Ta ɗora kujerar a kan ƙarafan, ta ɗaure ta da igiyar roba daidai kan alamominsa. Ta kama shi ta hammata, suka sauka tare a hankali, shi yana zagin ƙafarsa a ƙasan maƙoshi. Ya kishingiɗa. Ta koma gaban keken ta tsuguna tana kallonsa, kamar yadda ta yi shekara talatin tana kallon mutane a shagon gyaran tufafi, da allura a bakinta.

Kujerar ta zauna daram a tsakiyar keken. Bohumil ne bai zauna a tsakiyar kujerar ba. Kafaɗarsa ta dama ta sauka, haƙarƙarinsa na wannan gefen ya kwanta kan fiffike yana neman hayewa, ɗayan gefen kuwa da sarari har hannu zai shiga. Ba sabon abu ba ne a wurinta. Tun watan Afrilu ta farke kwat ɗinsa guda biyu ta ƙara musu auduga a kafaɗar dama, ta mayar da su cikin kabad ba ta ce komai ba, shi kuma ya sa ya ce ashe ramar ba ta yi yawa ba.

"Na saman nan biyu a ɗan gusa da su," ta ce. "Kujerar ta ɗan kwanta hagu, ta tallafe ka."

"Nawa?"

"Faɗin babban yatsa."

"Yatsan wa?"

"Nawa."

Ya yi wata 'yar dariya da rabin bakinsa. "Keke a miƙe yake. Ana ɗora kujera a tsakiya. Ba ni na ƙirƙiro ba."

"Keken a miƙe yake," ta ce.

Ya jira sauran maganar. Ba ta ƙarasa ba.

"Gashin da ake min yana aiki," ya ce. "Kafin Kirsimeti zan miƙe. In kika huda a karkace, sai in zauna a karkace har in mutu. Ɗaga ni."

Kafin ta ɗaga shi, ta zaro allin ɗinki daga aljihun rigar aikinta, ta zagaya bayansa kamar mai gyara igiyar. Ta tura saman kujerar hagu da gwiwarta har kafaɗunsa suka yi daidai, ta ɗiga alama biyu ta cikin hujin ƙarfen.

"Me kike yi?"

"Igiyar ce ta saki."

Agogon cocin unguwar ya buga sha biyu, lokacin maganinsa. Ta ce bari ta kawo masa, ya ce ba a shan magani a gareji, kuma yana son shiga bayi. Daga gareji zuwa kicin taku ashirin ne da matakala uku. Da sandarsa, zuwa da dawowa minti goma sha biyar yake ɗaukar masa, kuma ba ya yarda a kama shi a inda maƙwabta za su gani.

"Kada ki taɓa komai," ya ce daga bakin ƙofa.

Ta tsaya tana jin ƙarar sandar a kan dutsen tsakar gida. Ta kife kujerar a tebur. Alamomi shida: huɗu nasa, ƙanana, tsaf, biyu nata, shuɗin alli mai kauri. Ta tuna shi a watan Yuli da Agusta, zaune gaban taga daga safe zuwa yamma yana ƙirga motocin da suka yi fakin ba daidai ba. In ya hau gobe ya sake zamewa a gaban Zdenka, ba zai ce a sake gwadawa ba. Ta san shi. Zai ce wa mutumin Brno ya ɗauka, har ya ƙara masa da famfon hura taya.

In kuma ita ce ta yi kuskure, to ta ɓata kujera, kuma za ta ji labarin kullum har ƙarshen rayuwarta.

Ta manna tef a kan alamomin yadda ya koya mata don kada bakin injin ya zame. Ta sa katako a ƙasa. Ta fara da na ƙasan biyu, nasa, inda ya ce. Sannan ta goge tafin hannunta a jikin riga, ta kalli bakin injin, ta huda nata biyun. Baƙin gari ya zubo mata a kan takalmi.

Ta ji an buɗe tagar kicin.

"Jarmila."

Ta ci gaba da aikinta. Ta ɗauko notunan da sufana. A gefen dama ta ƙara washa, ƙananan zobban ƙarfen nan, uku-uku a ƙarƙashi, domin ta ga gefen yana son ɗagowa.

Wannan karon minti shida ya yi. Ya tsaya a ƙofa yana haki, maɓallin wandonsa a buɗe. Ya ƙaraso, ya sunkuya iya yadda zai iya, ya ga fararen alamominsa biyu suna nan lafiya lau, kowace da noti a gefenta.

"Kin kashe ta," ya ce.

"Wataƙila."

"A masana'anta da yau an kore ki."

"Ban nemi aiki a can ba. Riƙe min nan."

Ya riƙe. Ba don ya yarda ba, sai don ba ya iya ganin ana ɗaure noti yana juyawa a banza. Ya ce kada ta ɗaure ɗaya tamau kafin sauran, ta bi su a gicciye. Ya ce ya isa, za ta fasa. Ta ɗora katifar kujerar, ta turo keken waje.

Miyar dankalin da ta ɗora tun safe ta huce a kan murhu. Babu wanda ya ambace ta.

A bakin get ta saukar da shi ciki, ta ɗaure masa ƙafar dama a jikin feda da maɗauri, ta ɗora hannun daman a cinyarsa, ta sa masa hular kwano. Maƙwabcinsu Radim yana kan tsani yana tsinkar inabi, ya leƙo ta saman shinge.

"An fito da gado ke nan, Bohush? A kawo bargo?"

"Ka kula da tsaninka. Asibitin ba daɗi."

Ya taka da hagu. Keken ya motsa, ƙafar daman ta bi zagayen kamar wadda aka tilasta. Ya wuce gidan Radim, ya wuce kwandunan shara. Jarmila ta fita tsakiyar titi tana kallon bayan kansa. Hular tana tsaye. Ya isa inda kwalta ta fashe, keken ya yi tsalle, hular ta girgiza ta koma inda take. A ƙarshen layi, inda ta zata zai juyo, sai ya karya hagu, hanyar kogi.

"Ya ce miki zai je can?" Radim ya tambaya.

"Bai ce ba."

"In ɗauko mota?"

"Bari tukuna."

Ta zauna a kan dakalin get. Ta cire baƙin garin daga ƙarƙashin farcenta ɗaya bayan ɗaya. Wayarta ta yi ƙara a aljihu, Zdenka ce, ba ta ɗauka ba, domin ba ta san me za ta ce ba tukuna. Radim ya cika bokiti ɗaya, ya sauko, ya hau da wani. Agogon coci ya buga ɗaya da rabi, sannan biyu saura kwata.

Sai ga shi ya ɓullo, a hankali, fuskarsa ja, wata mota na bin sa a baya ta kasa wucewa. Ya tsaya daidai ƙafarta ya ja birki.

"Sun sa sabon benci a wajen gada," ya ce. "Sun juya shi yana kallon titi. Ga kogi a bayansa."

"Ka zame?"

"Ɗaga ni."

Ta kwance ƙafar, ta ɗaga shi, ta ba shi sandarsa. Ta duba gwiwar hannunsa ta dama, babu ƙura, babu ƙwarzane. Ya zagaya keken sau ɗaya yana dogarawa, ya girgiza kujerar da hannu, ba ta motsa ba.

"Ki kira Zdenka," ya ce. "Su zo su ci abinci in suna so. Ban da mutumin."

"To."

"Hau."

"Ni?"

"Ke kika huda. Hau ki ji aikinki."

Shekara tara keken yana gidan, ba ta taɓa zama a kansa ba. Ta tattare siket ɗinta, ta sauka a hankali, ta kishingiɗa. Sama ta buɗe a gabanta, ga wayoyin lantarki, ga Radim a kan tsani ya daina tsinka. Ƙafafunta ba su kai feda ba. Ta ji jikinta yana gangarawa hagu, ta gyara zama, ya sake gangarawa.

"A karkace take," ta ce.

"Ai na gaya miki," in ji Bohumil. "Sauka min daga keke."