Diddigen Ozell

Ni mai ganga ne. Sunana Hosea Boyce. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Tun muna samari nake kaɗa wa Ozell Tunstall, tun yana kiɗa a barandar shago ana sallamarsa da soyayyen kifi, har ya zama mutumin da ake manna hotonsa a bangon Chicago da biranen Turai.

'Yan jarida sun sha zuwa nan jiharmu ta Mississippi su tambaye ni abin da ya sa jitarsa ta fi ta kowa. Wasu suka ce yatsu ne. Wasu suka ce wuyan kwalbar nan ne da yake sawa a ƙaramin yatsa yana goga wa tsirkiya har ta yi kuka. Waɗanda suka fi shi yatsu sun cika birnin Memphis.

Abin guda ne. Ozell ba ya ƙirga. Masu yin irin kiɗan namu, wanda ake kira bulus, a birni a ƙirge suke tafiya: in an kai sha biyu sai a juya a koma farko, ko an gama magana ko ba a gama ba. Shi kuwa sai ya kama sauti ɗaya ya zauna a kansa, ya yi ta murza shi har masu rawa su ji kamar an riƙe musu numfashi. Ba ya juyawa sai sautin ya gama faɗin abin da ke bakinsa. Wata rana da wuri, wata rana sai ka ɗauka ya manta. Duk mai gangar da aka haɗa su sai ya sha kunya. Ni kaɗai ba na kuskure masa. Mutane suka ce zuciyarmu ɗaya. Na bar su a haka.

Diddigensa na hagu nake kallo. Kafin ya juya, diddigen yakan ɗan ɗaga daga ƙasa, kamar na mai shirin tsallake kwata. Ina gani sai in juya tare da shi.

Bara ciwon suga ya ci ƙafar. Aka yanke ta daga gwiwa.

Duk watan Agusta Ozell yakan yanka awaki a filin bayan gidansa, a gasa, jama'a su zo daga ko'ina a yi kiɗa a yi rawa. Bana matarsa Verlene ta tare ni a ƙofar coci. Ta ce ya rantse zai yi kiɗa a taron, kuma ya rantse in kiɗan bai fito irin nasa ba, zai tura jitar ƙarƙashin gado ya bar ta can. Ta ce tun da ya dawo daga asibiti ba ya cin abinci sai ranar da ya taɓa ta.

"In ya ajiye jitar nan, Ɗan'uwa Hosea, ba zai kai Kirsimeti ba. Kai ka san shi. Ka riƙe min shi."

Na ce to. Me zan ce?

Na same shi a baranda cikin keken guragu, an naɗe ƙafar wandon an soke da fil. Ya ce ashe ban mutu ba. Na ce ina jira ya riga ni, tunda ya fara tura kayansa gaba. Ya yi dariya har ya yi tari. Sai na gaya masa maganar diddigen, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ya daɗe yana kallona. Bai san yana yi ba. Duk tsawon shekarun nan bai sani ba.

"To kai ɗan banza, ashe ƙafata kake leƙe, ana ce maka waliyyi."

Na ce ya bar wasa, mu nemi wata alama. Ya gyaɗa kai in zai juya, ko ya ɗaga kafaɗa. Ba mu taɓa gwajin kiɗa ba a rayuwarmu, amma ranar muka yi, ina buga tafin hannu a kan akwati. Bai yiwu ba. In ya tuna da gyaɗa kai, sautin ya mutu a hannunsa. In sautin ya rayu, ya manta da ni. Ya ce shi kansa ba ya sanin zai juya sai ya ji ya riga ya juya. Na kalli wuyansa, na kalli girarsa, na kalli cinyar da ta rage. Babu komai.

Ya ce, "Diddigen yana ɗagawa fa, Hosea. Ina jin sa. Kai ne ba ka gani."

Ranar taro rana ta yi zafi. Hayaƙin nama ya cika fili, mata suna ta zuba gurasar masara da wake, maza suna zagayawa da kwalbar giya a bayan motoci. Aka ɗauki Ozell da kekensa aka ɗora a bayan tirelar ɗaukar ciyawa, wadda ita ce dandalinmu. Na zauna a hagunsa, inda na saba.

Ya fara. Kuma wallahi shi ne, babu abin da ya ragu. Ya kama sauti ya zauna. Tsofaffi suka miƙe, ƙura ta tashi. Na bi shi da kunne kaɗai, ina addu'a. Na ji kamar lokaci ya yi, na juya. Bai juya ba. Masu rawa suka yi tuntuɓe kamar an ja musu tabarma. Na koma na kamo shi, na ce wannan karon zan jira. Ya juya ya bar ni a baya. Wani yaro ya yi dariya. Na ji wata mata tana cewa tsohon ya fara rikicewa, Allah sarki. Ba ni take nufi ba. Shi.

Na so in ajiye sanduna ya yi shi kaɗai. Amma ba a rawa a filin nan babu ganga, kuma saukata a tsakiyar kiɗa ta fi zagi.

Ya juyo ya dube ni. Sai na ga leɓensa yana motsi. Ozell Tunstall yana ƙirga. Ya kai sha biyu ya juya, na juya. Ya sake kaiwa, muka sake. Ko yaron makaranta zai iya binsa. Rawa ta daidaita, fili ya ɗauka, baƙin da suka zo daga nesa suka ɗaga wayoyinsu. Da muka gama aka yi ta tafi. Verlene tana kuka tana gode wa Allah, ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce na cika alkawari.

Aka sauke shi ƙarƙashin bishiya, aka kawo mana nama. Bai taɓa ba. Ya zare wuyan kwalbar daga yatsa, ya juya shi a tafinsa, ya saka a aljihun rigata.

Na ce ya mayar da abinsa, ni ba na kiɗan jita.

"Riƙe dai," ya ce. "Ci namanka, tsoho. Ka yi ƙoƙari."

Verlene ta zo ta ɗauki jitar za ta shiga da ita, ta tambaye shi inda za ta jingine ta. Ya ce ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta tsaya cak, ta dube ni. Ni kuwa ina kallon ƙasa, wajen da diddigen ya kamata ya kasance.