Jan Rami da Koren Rami

Karo na uku ke nan Jamaluddeen mai gyaran wayoyin ofis yana tarar da katin da ke haɗa kwamfuta da layin waya ya ƙone a kantin Alhaji Sabo da ke Hayin Banki. Ya sake saiti, ya zargi wutar lantarki, har ya fara zargin kansa.

Yana cikin ɗaura sabo hadari ya haɗo. Sai ga Alhaji ya zare wayoyin kakaf.

"Tsawa nake tsoro. In ruwa ya ɗauke ina mayarwa."

"A wane ramin, Alhaji? Jan na layin waje ne, koren na wayar tebur!"

"Ai girmansu ɗaya."

Jamaluddeen ya dafe kai. "Alhaji, don Allah ka bar wa tsawar. Ita ba ta taɓa ƙona mana ko ɗaya ba."