Ranar da Inna Maimuna Ta Kira Sunan Lawwali

Shekara arba'in da shida Inna Maimuna ba ta taɓa kiran sunan Lawwali ba. Ɗan farinta ne, ita kuma 'yar Bungudu ce ta asali, irin matan da suka riƙi kunyar ɗan fari tamkar farilla. In ya shigo gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. In zancensa ya kama, sai ta ce "wancan na Gusau," sai ka ce shi kaɗai ke zaune a garin.

Da tari ya ƙi jin magani, aka kai ta asibiti a Gusau, gwaji ya nuna ciwon daji ne a huhu. Lawwali ya tara ƙannensa a gidansa na Tudun Wada ya yanke hukunci: ba za a faɗa mata ba, ba kuma za a wahalar da tsohuwa da maganin ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi ba. A ba ta na rage raɗaɗi, a ce mata sanyi ne. Tausayi ne ya sa shi, ba mugunta ba, sai dai ya manta bai tambayi mai jikin ba.

Ita kuwa ai ba yarinya ba ce. Wane irin sanyi ne zai sa 'ya'yanka su yi tsit da zarar ka shigo ɗaki? Ta gane ana shirya mata kwanciyar jiran ajali, kuma ba ta so. Amma mutumin da ba ta iya haɗa ido da shi, ta yaya za ta ce masa ba ta yarda ba? Wannan ya fi tarin ci mata rai.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Juwairiyya, autarta mai koyarwa a Tsafe. Lambarta ce a katin asibiti, don haka ita Likita Salma ta tura wa saƙo: wani shafi na intanet mai magana da Hausa, wanda ke yi wa mai ciwo bayani, ya yi masa tambayoyi, ya naɗi amsarsa ya kai wa likita.

"Inna," in ji Juwairiyya, "likita ta ce wanga saƙo naki na, ba namu ba. Amma Yaya ya hana."

"Ni ad da ƙirjin ko shi? Kunna min."

Muryar wata mata ta fito a natse, ta ambaci ciwon ba kwana-kwana. Juwairiyya ta fashe da kuka. Inna kuwa ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai an hwaɗa min gaskiya."

Muryar ta zayyana hanyoyi biyu. Akwai maganin rage raɗaɗi kaɗai, akwai kuma ƙarin ruwa duk bayan mako uku, mai amai da kasala, wanda bai yi alkawarin warkarwa ba amma yana iya danne ciwon. Sau uku Inna ta sa aka maimaita mata. Da aka zo tambayoyi sai bakinta ya buɗe, don waya dai ba ɗan farinta ba ce. Da ta ji tambayar ƙarshe, ta dubi Juwairiyya ta ce, "Tashi ki duba tukunya."

Ranar Talata suka hallara a ofishin likita. Lawwali ya gyara zaman hula ya fara, "Likita, mu dai mun riga mun shawarta..."

"Alhaji, bari mu ji mai ciwon," in ji Likita Salma. "Hajiya, in kunna?"

Inna ta gyaɗa kai, idonta na kan bango.

Sai ga muryarta ta cika ɗakin, ba rawa ba inda-inda. "Na san ciwon daji na. Na ji batun amai, na ji batun gashi. Gashin ga dama kallabi ka ruhe shi. Ina son maganin. Ran da nig gaji, ni zan ce a tsaya, ba wani ba."

Muryar shafin ta tambaya, "Wa kike so ya zauna kusa da ke ranar ƙarin ruwa?"

Aka ji tari, sannan muryar Inna a hankali, "Lawwali. Lawwali nike so."

Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya takwas, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba sai yau. Ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya iya cewa, "Likita, a yi yadda tac ce."

Kunya ta kama Inna har tafin ƙafa, amma daɗin da ta ji ya fi kunyar. Jikinta ne, kuma maganarta ce ta zauna.

Ranar ƙarin ruwan farko Lawwali ya riga ma'aikata isowa. Ya ja kujera ya manne da gadonta, yana kallon ruwan yana ɗiga. Inna ta juya wajen nas, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"'Yar nan, ce ma wancan na Gusau shi gyara min matashin kai."