Jan Tulun Jatau

Shekarar da gujiya ta yi daraja a Tasawa, Ɗan Baba ya sawo jan tulun kashe gobara daga Maraɗi, ya rataye a ƙofar magazarsa ta ajiyar gujiya. Abin ya tsaya wa maƙwabcinsa Jatau a rai. Shi da ya riga shi fara awon gujiya, a bar shi da bokitin rairayi? Har manoman Hawandawaki na wuce sikelinsa don kallon wani jan ƙarfe!

Jatau ya shiga mota, ya sawo wanda ya ninka wancan girma. Ranar kasuwa ya tara jama'a, ya cinna wa kara wuta, ya kashe ta nan take, ya yi ta fesawa sama don na baya su gani, har tulun ya ƙare. Sannan wani direba ya gaya masa ba a cika shi sai a Yamai.

Haka ya rataye abinsa, ba komai a ciki. Kullum da safe Ɗan Baba sai ya biyo.

"Malam Jatau, an tashi lahiya?"

Sai ya ƙwanƙwasa tulun da zobensa, ya tsaya yana sauraren ƙarar.