Wannan Ya Fi Haske

Karo na bakwai ke nan suna maimaita wuri ɗaya, kuma duk laifin Darakta ne. Da zarar 'Yar Tela ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta ɗora tabaran babanta a karan hanci, ta shaƙe murya ta ce, "Wallahi Hajiya saura maɓalli kawai," sai dariya ta ƙwace masa, wayar ta kama rawa a hannunsa.

"Darakta, don Allah ka riƙe numfashinka na minti ɗaya. Ba za ka mutu ba."

"To, na shirya."

A bayan jerin shaguna suke, ƙarƙashin matakalar bene, inda bangon yake da sabon fenti kuma ƙarar kekunan ɗinki ba ta cika isowa ba. Wasan ita ta ƙirƙiro shi: tela maƙaryaci da mai kayan da ta gaji da zarya. Ita ce telan, ita ce mai kayan, gyale kawai take yafawa ta koma ɗaya gefen. Shi aikinsa riƙe waya. Tun ranar da ta leƙo shagon mahaifiyarsa tana neman wanda zai ɗauke ta bidiyo ta laƙaba masa Darakta, sunan kuma ya bi shi har wajen masu gyaran babur na bakin titi.

Shekararsa goma sha tara, ya gama sakandare, yana taya Umma zama a shagonta na kayan kwalliya. Shagon ɗinkin baban yarinyar yana tsallaken titi, gidansu a samansa. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, ga wushirya, ga dariyar da ke fara fitowa ta ido kafin ta iso baki. Ta cikin gilashin waya kaɗai yake iya kallonta yadda ransa ke so. Idan ya sauke wayar, sai idonsa ya koma kan takalmansa.

Da suka gama, ta matso kusa suna duba abin da ya ɗauka. Kafaɗarta ta kusa taɓa tasa, yatsansa ya zame ya danna filta. Nan take fuskar cikin wayar ta yi fari tas, hancin ya miƙe, kumatun suka yi ja.

Ta tuntsire da dariya. "Wace ce wannan kuma? Tela ya yi sabuwar 'ya. Bar shi haka, mu tsokani mutane."

Haka suka ɗora shi. Kafin washegari da azahar, mutanen da suka kalla sun ninka na duk bidiyoyinta na baya. Ta zo da gudu ta nuna masa sharhin da aka yi. Babu wanda ya yi zancen telan ko maɓallinsa. "Farar mace alkyabbar mata." "Ina kika ɓoye tuntuni?" Wani ma cewa ya yi a ba shi lambar waliyyinta.

Ta buɗo hotuna biyu, na asali da na filta, ta jera masa su.

"Tsakaninka da Allah, wanne ya fi?"

Makonni ya yi yana haɗa magana a ransa, yana gwada ta idan yana goge kanta. Ga ƙofa ta buɗe, amma harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaure masa dutse. Ya ce a ransa, faɗi wani abu, ko mene ne.

"Wannan... ya fi haske."

Ta sake kallon hoton. "Haka ne," ta ce, ta kashe wayar.

* * *

Bayan wata guda wata mai shagon atamfa ta aiko mata saƙo, tana so ta yi mata talla. 'Yar Tela ta ci ado, ta ce Darakta ya raka ta. A bakin ƙofa ya tsaya riƙe da jakarta, don haka a kunnensa aka yi komai. Matar ta dubi wayarta, ta dubi yarinyar, ta sake duban wayar.

"Yayarki ce ta turo ki?"

"Ni ce, Anti."

"Allah sarki. To, ki je zan neme ki."

A hanya ya yi ta lissafa kalmomin da zai faɗa, har suka iso ƙofar gidansu bai samu ko ɗaya da ta dace ba. Ta karɓi jakarta ta haye sama.

Da safe sai ga ta a shagonsu. Ta gaida Umma, ta yi ta juya wani jan baki a hannu, can ta rage murya.

"Umma, haɗin nan nake so. Ba mai ƙarfi ba."

Umma ta yi murmushi. "Ai dama jikinki mai karɓa ne. Sati uku ya ishe ki."

Haɗin, wato man sa fata haske, shi ne abin da ya riƙe shagon. Hoda da turare sai su yi wata ba a taya ba, amma kwalaben haɗi ba sa kwana uku a kanta. A ɗan ɗakin baya Umma ke yin sa, ta matse bututu huɗu ko biyar a roba, ta ɗiga wani ruwa mai warin da ke hawa kai, ta juya da cokali. Ba ta taɓa yin sa ba sai da safar hannu. Ita kanta man kwakwa take shafawa, fatarta tana nan yadda Allah ya yi ta.

Darakta ne ya saka kwalbar a leda ya miƙa. Bayan yarinyar ta fita ya ce, "Umma, da kin hana ta."

"Ni na kira ta?"

"A'a, amma..."

"Idan ban ba ta ba, ga shaguna nan har ƙarshen layi. Gara nawa, na san abin da na zuba. Tun da mahaifinka ya rasu, da me kake tsammani na riƙe gidan nan?"

Abin da ya fi ba shi kunya, wanda bai iya faɗa wa kowa ba, shi ne wani ɓangare na zuciyarsa ya yi murna. Yanzu tana da dalilin shigowa shagonsu duk sati biyu.

* * *

Ta yi haske, kamar yadda Umma ta faɗa. Da farko kamar wadda ta daɗe ba ta shiga rana ba, daga baya ta koma ja. Gaɓoɓin yatsunta ne suka ƙi, suka tsaya baƙaƙe, sai ta koyi ɓoye hannu a cikin gyale idan ana ɗauka. Rana ta fara ƙona ta, suka bar ƙarƙashin matakala suka koma falon su 'Yar Tela, gaban labule, da fitila mai zagaye.

Tela maƙaryaci ya mutu ba a yi masa jana'iza ba. Yanzu juya fuska kawai take yi, hagu da dama, tana motsa leɓe a kan waƙar wasu. Mabiya suka yi ta ƙaruwa. Darakta ya daina maimaita ɗauka, don babu abin da zai sa wayar ta yi rawa.

"Yaushe za mu sake yin na telan?" ya tambaye ta wata rana.

"Wa zai kalla? Ka ga wanda ya taɓa yabon mace don ta iya ban dariya?"

Ni, ya ce a ransa. A fili kuwa ya ce, "Batir ya kusa ƙarewa."

Ranar da ya ga wasu siraran jijiyoyi kore sun bayyana a gefen wuyanta ya yanke shawara. Da Umma ta tafi saro kaya, ya ɗauki kwalbar da aka ware wa 'Yar Tela ya juye ta a kwata, ya wanke, ya cika ta da man shafawa na jarirai, ya ɗiga ɗan turare. Ya yi haka sau biyu. Duk lokacin da ya miƙa mata ledar sai ya ji kamar wasiƙa ya ba ta, wadda ba ta san tana karantawa ba. A sati na huɗu ya ga launinta ya fara dawowa a goshi. Ranar har waƙa ya yi yana share shago.

Ita kuwa ta shigo ido jawur.

"Umma, me na yi miki? Dubi fuskata. Jiya wani ya rubuta wai fenti ya fara kankarewa."

Umma ta rantse ba ta canza komai ba. Darakta yana bayan kanta, ya buɗe baki, ya ga idon mahaifiyarsa, ya ga nata, ya mayar ya rufe. Yarinyar ta ajiye kwalbar a kan kanta ta fita.

Ba ta sake shigowa ba. Ta samu wata mai sayarwa a waya, wadda ke alkawarin kwana bakwai, har da sabulu da ƙwayoyin sha. Ta sayi sandar riƙe waya mai ƙafa uku, ta daina aiko a kira shi. Ya koma kallonta yadda kowa ke kallonta, a cikin waya, yana zaune a tsallaken titi, taku talatin daga tagarta.

* * *

Wata ranar Laraba da hantsi Tela, baban yarinyar, ya tsallako titi. Mutum ne mai sanyin magana, zare a maƙale a gaban rigarsa. Ya ajiye wata kwalba marar suna a kan kanta.

"Maƙwabciya, naki ne wannan?"

Umma ta buɗe ta shinshina, ta kawar da kai da sauri. "Wallahi ba nawa ba ne."

"Na yarda." Ya ɗauke kwalbar. "Daga asibiti muke. Fuskar yarinyar ta saluɓe, har wuya. Likita ya ce za ta warke, amma tabon bai yi alkawari ba. Sun ɗebi jini, wai za su duba ƙoda." Ya juya zai fita, sai ya tsaya. "Ni ina ƙasa ina ɗinka wa 'ya'yan mutane kaya, tawa tana sama. Na ga tana haske, na ce girma ne."

Umma ta zauna a kan kujera.

Sai bayan kwana tara aka bar Darakta ya hau duba 'Yar Tela. Mamanta ta ba shi kujera a falo, ta shiga kicin ta bar ƙofa a buɗe. 'Yar Tela tana cikin ɗaki, labule a tsakaninsu. Yatsun ƙafarta kawai yake gani ta ƙasa.

"Darakta. Ka zo ganin fim?"

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Da yake ba ya ganin idonta, sai maganar ta zo da kanta, a karkace, ba yadda ya tsara ba. Ya faɗa mata batun kwalaben da ya juye. Ya ce ranar da ta nuna masa hotuna biyu, ba abin da yake nufi ya faɗa ba.

"Na farkon ne, na asalin. Tun kafin ki ce in riƙe miki waya, na farkon ne. Ni ban taɓa... wato, ni ke nake zuwa kallo, ba bidiyon ba."

Yatsun ƙafar suka lanƙwashe, suka ja baya.

"Ka san sau nawa na sa muka maimaita ɗauka alhali ta yi kyau?" Muryarta ta shaƙe, ba irin ta wasa ba. "Na ce ko za ka ce wani abu. Da na tambaye ka, ba hoton nake tambaya ba."

"Yanzu na faɗa."

"Ka faɗa." Ta ja numfashi. "Wadda kake faɗa wa ba ta nan. Ni ma nemanta nake yi."

"Zan jira."

"Ka tafi, Darakta. Lokacin shafa magani ya yi."

* * *

Ya sauko, ya tsallaka titi bai duba mota ba. A shago ya tarar da 'yan mata biyu da kayan makaranta, jakunkuna a baya, sun kifa kai a kan waya ɗaya suna nuna wa Umma. Ƙaramar ba za ta wuce sha huɗu ba, goshinta baƙi yana sheƙi da zufar tafiya. Tun daga ƙofa ya gane waƙar, ya gane labulen. Shi ya ɗauki wannan bidiyon na 'Yar Tela.

"Umma, an ce a nan take saye. Irin nata muke so."

Umma ta daɗe tana kallon wayar. Ta ɗaga kai ta dubi kantar hoda da turare da ƙura ta fara hawa, ta sauke.

"Miƙo min biyu a sama," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ƙananan."

Ya tsaya a inda yake. A tsallaken titi keken Tela ya tashi, ya yi ɗan gudu, ya tsaya. Tagar sama a rufe take, an lulluɓe ta da bargo saboda rana.